Lamba Huɗu, Wuri Ɗaya: Da Wane Ma'auni Ake Rubuta Cunkoson Elektiron a Fayil?

Ɗauki kiristal na silikon, ka sa ido a daidai tsakiyar haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra biyu maƙwabta, sannan ka tambayi kwamfuta yawan elektiron da suka taru a wannan wuri. Wata manhaja za ta ba ka wajen 0.085. Wata ta ba ka 0.57. In ka buɗe wani fayil ɗin da hannunka, lamba kusa da 23 za ka tarar, in kuma ka sake lissafin da akwatin lissafi mai zarra takwas maimakon biyu, irin wannan fayil ɗin ya nuna maka 92. Silikon bai canza ba, lissafin ma bai ɓaci ba. Duk huɗun daidai suke. Abin da ya raba su shi ne ma'aunin da kowace ta tsaya a kai, shi kuwa ma'aunin nan galibi ba a rubuta shi a cikin fayil ɗin. Lambobi ne zalla, layi bayan layi, dubbai ko miliyoyi.

Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ba ƙaramin aiki yake ci ba. Mutum ya kwashe makonni yana jiran babbar kwamfuta ta gama masa lissafi, sakamakon ya fito lafiya lau, sai a mataki na ƙarshe, wajen karanta fayil, a ninka komai kusan sau bakwai ba tare da kowa ya ankara ba. Hoton zai fito da kyau, launuka su zauna daidai, babu wata alamar gargaɗi da za ta tashi.

Da farko a san abin da ake aunawa. Elektiron ba ya zama wuri ɗaya kamar tsakuwa. Abin da lissafi yake iya faɗa shi ne yadda ya bazu, inda ya fi yawa da inda ya yi ƙaranci. Cunkoson elektiron shi ne adadin elektiron a cikin wani ɗan fili, a raba da girman filin. Kamar yadda ake cewa mutum kaza a kowace murabba'in kilomita, sai dai a nan filin yana da tsawo da faɗi da zurfi. Daga wannan bayani kaɗai doka guda take fitowa, wadda duk sauran maganar za ta rataya a kanta: in ka tattara cunkoson ko'ina, kowane gutsure ka ninka shi da girman filinsa, dole jimlar ta ba ka adadin elektiron da ke cikin abin. Ƙwayar ruwa tana da 10. Zarrar silikon tana da 14. Ba a yi wa wannan doka ragi.

Dalilin da ya sa wannan adadi ya zama jigo shi ne aikin Pierre Hohenberg da Walter Kohn na 1964, inda suka nuna cewa cunkoson elektiron na yanayin da abu ya fi natsuwa ya isa ya tantance duk sauran halayensa. A 1965 Kohn da Lu Sham suka mai da wannan hujja hanyar lissafi da kwamfuta za ta iya bi, kuma a 1998 Kohn ya raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da John Pople. Manhajojin da ake aiki da su a yau, irin su VASP daga Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya, da Quantum ESPRESSO da ta girma a Italiya, da SIESTA ta Sifaniya, da ABINIT ta Beljiyam, duk a kan wannan tushe suke. Kowacce a ƙarshen aikinta tana iya zubo maka cunkoson a fayil. Ta shimfiɗa raga a cikin akwatin lissafi, ta rubuta lamba ɗaya ga kowane ƙulli na ragar.

Saɓanin farko daga ma'aunin tsawo yake. Masu sinadarai da masu nazarin kiristal sun saba da angistorom, alamarsa Å, wato kashi ɗaya cikin biliyan 10 na mita. Masu rubuta lissafin kuwa sun fi son bohr, ma'aunin da aka ɗauko daga girman zarrar haidurojin a tsarin da Niels Bohr ya gabatar a 1913, wanda Douglas Hartree ya sa a cikin ma'aunan zarra a 1928. Suna da hujjarsu: a waɗannan ma'aunai nauyin elektiron da cajinsa duk 1 ne, don haka lissafin yana fita tsaf, babu tarkacen ƙananan lambobi. Bohr ɗaya 0.529177 Å ne. Bambancin bai kai ninki biyu ba, shi ya sa ido yake raina shi. Amma cunkoso da girman fili ake raba shi, fili kuwa tsawo ne sau uku a jere. In ka ninka 0.529177 da kansa har sau uku, 0.148185 za ka samu. Ma'ana Å³ ɗaya, wato fili mai angistorom ɗaya ta kowane gefe, yana ɗauke da bohr³ 6.748. Saboda haka elektiron 1 a kowane bohr³ daidai yake da elektiron 6.748 a kowane Å³. Wannan lamba, 6.748, ta cancanci a haddace ta, domin ita ce sawun da kuskuren yake bari a duk inda ya bi. Ita ce ta raba 0.085 da 0.57 a misalin silikon.

A nan ma hankali yakan juya wa mutum baya. Angistorom ya fi bohr girma, sai zuciya ta raya cewa lambar da aka rubuta da shi ita ce za ta fi ƙanƙanta. Ga tsawo haka ne. Ga cunkoso akasin haka ne, domin babban ɗaki ya fi ƙarami ɗaukar jama'a. Wanda ya raba a inda ya kamata ya ninka, zai yi nesa da gaskiya da ninki 45 da rabi.

Quantum ESPRESSO da SIESTA da ABINIT duk da elektiron a kowane bohr³ suke rubuta cunkoso. Manhajar GPAW kuwa, in ka nemi cunkoso ta hanyar umarninta na Python, da Å³ take miƙo maka. Wannan duk mai sauƙi ne, lamba guda ce tsakaninsu. Inda maganar ta yi zurfi shi ne fayil ɗin VASP mai suna CHGCAR, wanda ya fi kowanne yawo a hannun masu nazarin kayan ƙira, kuma ya fi kowanne ruɗa sabon shiga.

Buɗe shi a hankali. Layin farko suna ne kawai. Na biyu lamba ce guda da ake ninka tsawon akwatin da ita. Sai layi uku masu ɗauke da gefunan akwatin, da angistorom. Sai sunayen sinadarai da adadinsu, sai wuraren da kowace zarra take. Bayan nan layi ɗaya babu komai, sai lambobi uku, misali 24 24 24, wato yawan ƙullin raga ta kowane gefe, jimla 13,824. Daga nan ruwan lambobi ya sauko, biyar biyar a layi. Duk wanda ya ga kan fayil ɗin da angistorom, zai ɗauka lambobin ƙasan ma elektiron ne a kowane Å³. Ba haka ba ne. VASP tana rubuta cunkoson ne bayan ta ninka shi da girman akwatin gaba ɗaya. Abin da ke cikin fayil ɗin ba shi da ma'aunin tsawo ko kaɗan. Kowace lamba amsar wannan tambaya ce: da a ce ko'ina a cikin akwatin cunkoson ya kai na wannan ƙulli, elektiron nawa akwatin zai ɗauka?

Gwada da silikon ka gani. Tsawon gefen akwatinsa mai kusurwa huɗu 5.431 Å ne, girmansa 160.2 Å³, zarra takwas a ciki. Ƙaramin akwatinsa mai zarra biyu rubu'in wannan ne, 40.05 Å³. Ninka 0.57 da 40.05, ga 23. Ninka da 160.2, ga kusan 92. Wuri ɗaya a kiristal ɗaya, amma lambar ta ninka sau huɗu don kawai mai lissafin ya zaɓi babban akwati. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a ɗaukar ɗanyen CHGCAR biyu a jera su gefe da gefe a ce wannan ya fi wancan cunkoso, sai in girman akwatunansu ɗaya ne.

Ba don son wahalar da mutane aka yi haka ba, akwai hikima a ciki. Manhajar tana kai da komo tsakanin ragar fili da jerin igiyoyin Fourier, wato rubuta cunkoson a matsayin tarin igiyoyi masu kaɗawa, kuma da wannan tsari kashi na farko na jerin, wanda ba ya kaɗawa, shi ne adadin elektiron kai tsaye. Ribar da mai karatu ya samu ita ce gwaji mafi sauƙi da ake da shi a wannan fage: tara duk lambobin, raba da yawan ƙulli, abin da ya fito shi ne adadin elektiron. A ƙaramin akwatin silikon 8 za ka samu, a babba 32. Ba ka buƙatar sanin girman akwatin ma. Ni a ganina tsari ne mai kyau ga wanda ya san shi. Aibinsa ɗaya, fayil ɗin bai faɗa maka ba.

Sai kuma masu karanta fayil ɗin, kowa da abin da yake yi masa a ɓoye. VESTA, manhajar zane ta Koichi Momma da Fujio Izumi daga Japan, in ta buɗe CHGCAR tana raba lambobin da girman akwati a ma'aunin bohr³, don haka abin da kake gani a allonta elektiron ne a kowane bohr³, alhali tsawon da take nuna maka a gefe da angistorom yake. ASE, wata manhajar Python, tana raba su da girman akwati a Å³. Ita kuwa pymatgen, ita ma ta Python, tana ajiye su yadda ta same su, ɗanye. Fayil ɗaya, ƙofa uku, amsa uku: 0.085 da 0.57 da 23. Ɗalibin da ya duba hoto a VESTA, ya ga matakin da ya yi masa kyau, ya kwafi lambar ya sa a cikin ɗan shirinsa na Python, zai ga wani abu dabam ya fito, ya shiga zargin lissafinsa, alhali lissafin bai yi laifin komai ba.

Fayil na biyu da ya cika duniya shi ne cube, wanda ya samo asali daga manhajar Gaussian, amma yanzu kusan kowa yana iya rubuta shi. Layi biyu na farko bayani ne na son rai. Na uku yana ɗauke da adadin zarra da inda ragar ta fara. Layi uku na gaba su ne wurin lura: kowanne yana da yawan ƙulli, sannan tsawon taki ɗaya daga ƙulli zuwa ƙulli. Taki ɗaya, ba gefen akwatin duka ba, saɓanin CHGCAR. Tsawon da bohr yake, cunkoson kuma elektiron a kowane bohr³. Akwai wata al'ada da ta ce in an sa alamar ragi a gaban yawan ƙullin, to tsawon da angistorom aka rubuta shi. Sai dai ba kowace manhaja ce take kula da wannan alama ba, kuma ko ta kula, alamar a kan tsawo kaɗai take magana. Ba ta ce uffan game da lambobin da ke ƙasa ba.

Akwai wani bambanci da ba na ma'auni ba ne amma tare suke tafiya. A cube gefe na uku ne yake saurin juyawa yayin da ake jera lambobin, a CHGCAR kuwa gefe na farko ne. Wanda ya karanta ɗaya da tsarin ɗayan, jimlarsa za ta fito daidai, amma elektiron ɗin sun koma inda babu zarra. Wannan kuskure ƙirga ba ya kama shi. Ido ne yake kama shi, in aka zana cunkoson tare da zarra aka ga ko sun hau kan juna.

XSF, tsarin manhajar XCrySDen ta Anton Kokalj, tarko biyu gare shi. Tsawo a cikinsa da angistorom ake rubutawa, amma in Quantum ESPRESSO ce ta fitar da shi, lambobin cunkoson suna nan da bohr³ ɗinsu. Kai da angistorom, jiki da bohr. In ka auna girman kowane ɗan fili daga kan fayil ɗin ka ninka da lambobin, za ka samu kashi 0.148 na elektiron ɗin da kake tsammani: a ƙaramin akwatin silikon, wajen 1.19 maimakon 8. Tarko na biyu, XSF yana maimaita ƙullin bakin akwati a ɗaya gefen, don zanen ya rufe. Ragar 24 ta zama 25 ta kowane gefe, 13,824 ta koma 15,625. Wanda ya tara su duka bai cire maimaicin ba, ya ƙara ƙulli kashi 13 cikin 100 da babu su. Irin wannan rara ita ta fi haɗari, domin ba ta kai girman da za ta tsorata mutum ba. Ninki bakwai yana ihu. Kashi goma sha uku kuwa yana iya wucewa a matsayin sabon binciken kimiyya.

Ko an daidaita ma'auni, da sauran tambaya: waɗanne elektiron aka ƙirga? Silikon yana da 14 a kowace zarra, amma a sama mun samu 8 ga zarra biyu, wato huɗu huɗu. Sauran goman suna ina? Yawancin manhajojin kiristal ba sa bin elektiron na can ƙurya, waɗanda suka manne wa cibiyar zarra ba sa shiga harkar haɗi. Ana dunƙule su da cibiyar a maye gurbinsu da wani ƙarfi na kwaikwayo, a bar na waje kaɗai a fili. Hanyar PAW ta Peter Blöchl, ta 1994, wadda VASP da GPAW suke amfani da ita, daga wannan dangi take. Don haka ƙwayar ruwa a irin wannan fayil 8 za ta ba ka, a fayil ɗin da ya ƙirga kowa da kowa kuma 10. Kuma adadin na waje ba ƙa'ida ɗaya ba ce ga kowane sinadari. Ya danganta da fayil ɗin kwaikwayon da ka zaɓa, domin ƙarfe ɗaya yana iya samun iri biyu ko uku, wani ya bar elektiron kaɗan a waje, wani ya ƙara da na ƙasa da su. Kafin ka ce jimla ta yi daidai ko ba ta yi ba, sai ka duba nawa aka zuba tun farko.

Abin da ya biyo bayan wannan yana da nauyi. Kusa da cibiyar zarra, lambobin irin wannan fayil ba cunkoson gaskiya ba ne, an lallashe su an daidaita don raga ta iya ɗauka. Wani lokaci har ƙananan lambobi masu alamar ragi sukan bayyana a can, abin da cunkoso na haƙiƙa ba ya yi. Shi ya sa masu raba elektiron tsakanin zarra ta hanyar Richard Bader na Jami'ar McMaster a Kanada, in da VASP suke aiki, sukan nemi ta rubuta ƙarin fayil biyu, AECCAR0 na 'yan ƙurya da AECCAR2 na 'yan waje, su haɗa su don a ja iyakokin a kan cikakken cunkoso. Su ma waɗannan a ninke suke da girman akwati, kamar CHGCAR.

In abin yana da maganaɗisu, fayil ɗin yakan zo hawa biyu. A CHGCAR, tarin farko jimlar elektiron masu juyin sama da masu juyin ƙasa ne, wato fuska biyu da ɗan maganaɗisun kowane elektiron yake iya kallo, tari na biyu kuma bambancinsu. Tara na biyun a baƙin ƙarfe zalla, ka raba da yawan ƙulli, za ka samu kusan 2.2 ga kowace zarra, wanda shi ne ƙarfin maganaɗisunsa. ABINIT kuwa jimla take fara rubutawa, sannan ta bi da na juyin sama kaɗai. Tsakanin tarin biyu na CHGCAR akwai wasu layuka na ƙarin bayanin PAW, waɗanda ba na raga ba ne. Shirin da aka rubuta cikin gaggawa, mai haɗiye duk lambar da ya gani har ƙarshen fayil, zai cakuɗa su duka.

Ba duk abin da ya sa rigar cunkoso ne cunkoso ba. Fayil ɗin LOCPOT na VASP kamanninsa ɗaya da CHGCAR, amma ƙarfin lantarki ne a ciki, da ma'aunin kuzari na eV, kuma ba a ninka shi da girman akwati ba. Wanda ya saba raba komai da girman akwati zai lalata shi. Quantum ESPRESSO tana rubuta irin wannan ƙarfi da ma'aunin Rydberg, 13.606 eV, wasu kuma da ma'aunin Hartree, 27.211 eV, sai ga ninki biyu ya shigo ta wata ƙofar. Abin da ke cikin ELFCAR, wani fayil na VASP, lamba ce tsakanin 0 da 1, babu ma'auni. Fayil ɗin cube na obital kuwa, wato siffar igiyar elektiron guda, ba cunkoso yake ɗauke da shi ba, tushensa ne: sai an ninka lambar da kanta kafin ta zama cunkoso, shi ya sa take iya zuwa da alamar ragi, kuma lambar canja ta zuwa angistorom 2.598 ce, ba 6.748 ba. Wanda ya yi aiki da GaussView, manhajar zane ta Gaussian, zai tuna cewa matakin da take fara zana obital da shi 0.02 ne, na cunkoso kuma 0.0004. Na biyun na farkon ne aka ninka da kansa.

Wani zai ce, in dai hoton ya nuna inda elektiron suka taru, mene ne abin damuwa da lambar da ke ƙasansa? Amsar tana cikin yadda ake yin hoton. Ana zaɓar mataki guda, a zana fata a kan duk wuraren da cunkoso ya kai wannan mataki. Girman abin da ka gani ya dogara kacokan ga matakin. Bader da abokan aikinsa sun nuna a 1987 cewa fatar 0.001 a ma'aunin bohr³ tana kusa da girman molekul na zahiri, kuma har yau a kanta ake shafa launin ƙarfin lantarki don a ga inda molekul zai ja wani ko ya tura shi. Da angistorom wannan mataki 0.0067 ne. Wanda ya sa 0.001 a kan bayanan Å³ ya sauko ƙasa da inda ya dace har kusan sau bakwai, molekul ɗinsa ya kumbura, launukan da ke kansa suka dusashe. Haka nan hotunan bambancin cunkoso, waɗanda ake nuna ƙaurar elektiron da su idan molekul ya sauka a kan ƙarfe. Da mataki ƙarami, ƙaura kaɗan sai ta cika allo. Duk hoton da aka buga da "mataki 0.002" ba a faɗi na mene ne ba, a wurina bai cika hujja ba, kuma masu tace maƙala ya kamata su riƙa mai da shi.

A nazarin haɗi ma haka. Masu lissafi suna faɗin cunkoson tsakiyar haɗin kabon da kabon na iskar gas ta itan da wajen 0.24 zuwa 0.25, masu auna kiristal da hasken eksire kuma suna rubuta shi wajen 1.6 zuwa 1.7. Abu ɗaya suke faɗa. Da aka zo kan lanƙwasar cunkoson, wadda ake gane nau'in haɗi da ita, tsawon sau biyar yake shiga, lambar canjin ta zama 24.1. Iyakar da Koch da Popelier suka bayar a 1995 ta haɗin haidurojin, daga 0.002 zuwa 0.035, da bohr³ take. Ɗora ta a kan lambobin angistorom, sai raunanan haɗi su zama ƙarfafa a takarda.

Yanzu kuma ga sabon fage. Rumbuna irin su Materials Project suna ajiye da dubban fayilolin cunkoso, ana koyar da ƙirƙirarriyar basira da su don ta riƙa hasashen cunkoso ba tare da dogon lissafi ba. In aka zuba mata ɗanyen CHGCAR ba a raba kowanne da girman akwatinsa ba, girman akwati za ta koya tare da sinadarai, ta cakuɗa su. Kuskuren da a da yake ɓata hoto ɗaya, a nan yana shiga cikin duk abin da na'urar za ta faɗa nan gaba.

Maganin ba ya cikin haddace al'adar kowace manhaja, domin al'ada tana canzawa, kuma fayil yakan bi ta hannun masu juyawa biyu ko uku kafin ya iso gare ka. Maganin shi ne ƙirga. Layi uku ne na shiri: tara lambobin, ninka da girman ɗan fili ɗaya, kwatanta da adadin da ka zuba. Girman akwatin kuma a auna shi yadda ya kamata, domin in kusurwoyinsa ba a miƙe suke ba, ninka tsawon gefe uku kawai zai ba da fiye da gaskiya. Ƙaramin akwatin silikon kansa irin wannan ne, kusurwoyinsa digiri 60 ne.

Amsar da ta fito ita za ta gaya maka cutar. In ta ninka ko ta ragu da 6.748, bohr da angistorom ne suka haɗu. In da 3.57 ne, an canja tsawo sau ɗaya an manta sauran biyun. In rarar ta yi daidai da girman akwatin, ɗanyen CHGCAR ne a hannunka. In ta sauka kusa da sifili, wataƙila fayil ɗin bambanci ne, ko tarin maganaɗisu na abin da ba shi da maganaɗisu. In cikakkun elektiron ne suka ɓace, biyu ko goma ga kowace zarra, 'yan ƙurya ne ba a sa ba. Yana da kyau kuma mutum ya riƙe wasu lambobi a ka don awon ido: matsakaicin cunkoson 'yan waje a silikon 0.20 ne a Å³, ko 0.030 a bohr³, na alminiyam 0.18 a Å³, a kan cibiyar zarrar haidurojin kuma 0.318 a bohr³, wato 2.15 a Å³.

Akwai hali ɗaya da ƙirgar za ta ƙi fita alhali ma'aunin lafiyarsa ƙalau, kuma ya kamata a san shi don kada a yi ta gyaran abin da bai ɓaci ba. Ɗauki cube na ƙwayar ruwa mai cikakkun elektiron 10, da raga mai taki 0.2 bohr. A kan cibiyar oksijin cunkoson ya kai kusan 300 a bohr³, amma tsinin siriri ne ƙwarai, kafin ka matsa kashi ɗaya cikin takwas na bohr ya zube. In ƙulli ya faɗo daidai kan cibiyar, sai a ɗauki wannan 300 a shafa wa ɗan filin duka, jimla ta haura 10. In cibiyar ta faɗa tsakanin ƙulli, tsinin ya kuɓuce, jimla ta gaza. Hanyar rarrabewa ita ce a rage takin, a sake fitar da fayil ɗin, a sake ƙirgawa. In jimlar ta motsa tana matsowa kusa da 10, ragar ce ta yi faɗi. In ta kafe a wajen 67, ko a 1.5, komai ƙanƙantar takin, to bohr da angistorom ne.